Koriyar Hula

(Wata masana'antar robobi a Sharaɗa, Kano. An tara ma'aikata a ɗakin cin abinci domin bita kan zama da Sinawa.)

TAFINTA: Jama'a, Oga ne ya ce a yi wannan zama, saboda kwana biyu ana samun saɓani. Baba Maigadi, da kai za mu fara. Me ka kai masa ranar 1 ga Oktoba?

BABA: Hula, ɗana. Zanna Bukar, aikin hannu, koriya shar irin ta tutar ƙasa. Ni da kaina na kafa masa ita a gaban kowa.

TAFINTA: Innalillahi! Baba, a ƙasar Sin, koriyar hula a kan magidanci na nufin matarsa na cin amanarsa.

BABA: Subhanallahi! Ni ina na san matarsa?

DIREBA: Ashe shi ya sa ya kwana yana buga waya gida, da safe ya ce in kai shi filin jirgin Malam Aminu Kano!

BABA: To shi wa zai yi wa bita? Albashina da hagu yake miƙo mini. Da azumi, rana tsaka, ya aiko mini da shayi. In gaishe shi har ƙasa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, sai ya ɗaga kai kamar ƙadangare ya wuce.

TAFINTA: Nasa zaman gobe ne. Ya ce duk ka tare shi a ƙofa, kafin ka gama gaisuwa injin ya huce.

BABA: Inji ne ya haife shi?

TAFINTA: A bar wannan. Sai lambobi. Suna son takwas, har wasannin Olamfik na Beijing ma ranar 8 ga watan 8 na 2008 suka buɗe su. Huɗu kuwa gudunta suke, da mutuwa suke danganta ta.

BABA: Af! Shi ya sa da na ce masa matana huɗu ya dafe kai?

DIREBA: A'a Baba, wannan albashinka ya tuna.

TAFINTA: Na ƙarshe, jan ambulan. In sabuwar shekararsu ta zo, wajen Janairu ko Fabrairu, babba kan sa kuɗi a ciki ya ba na ƙasa da shi. A karɓa da hannu biyu, a yi godiya.

DIREBA: (ya miƙe tsaye) Malam Tafinta, me ka ce ana sawa a ciki?

TAFINTA: Kuɗi, sababbi fil.

DIREBA: Ba takardar kora ba?

TAFINTA: Wace kora? Ba ga ka nan kana tuƙi ba?

DIREBA: Ni na ɗauka mantawa ya yi ya kore ni! Wata takwas ina laɓe-laɓe kada ya tuna.

BABA: Ina ambulan ɗin yanzu?

DIREBA: Na ba uwargida ta hura gawayi, kada ya zama shaida.