Ƙafata a silin Hajiya

Duk wanda ya yi watan Afrilu a Kano ƙarƙashin rufin kwano, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ya san fanka ma wuta take hura wa mutum. Tsohon gidanmu kuwa abin har ya fi haka.

Wani abokina ya ce a Turai abu mai kauri suke shimfiɗawa a kan silin ya tare zafi. Na ce wannan ai ba sai an kira kafinta ba. Na tattaro katifun da na gani a jingine, na yayyanka soson, na kafa tsani na shige da tocila a baki, da azahar tsaka.

Ciki ba a magana: kashin jemage, yana, ga wayoyin wuta ko'ina. Can na hango wasu ƙananan ramuka a jere ƙarƙashin bakin kwano, haske na shigowa. Na ce to, ashe ta nan zafin ke shigo mana! Na bi su ɗaya bayan ɗaya na danna musu soso. Ina juyowa, gumi ya rufe min ido, ƙafata ta kuskure katako. Sai ji na yi ɓurum, har cinya.

A ɗakin Hajiya ta ɓullo, tana tare da baƙi. Mata suka ɗau salati, wata har ta kai ƙofa ba takalmi. Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Ku zauna, na san kaushin nan, ni na haife shi."

Kafintan unguwa da ya zo ya fara da zare soson. Ya ce, "Alhaji, ramukan nan da gangan aka bar su. Iska ta nan take shiga, mai zafin ta tashi ta fita ta sama. Raga ake sa musu saboda jemagu, ba a toshe su. Soso kusa da waya kuma gobara kake kira." Ya sa aka yayyafa wa ɓaraguzan ruwa kafin a share, don tsohon silin na asbestos ne, ƙurarsa na lalata huhu.

Ina cikin lissafin kuɗin gyara ƙanena ya dawo hutu daga makarantar kwana, yana tambayar wa ya ga katifarsa.