Bitar kwana biyu ba ta koya wa malami kallon wata

Wani salo ya shigo harkar horar da malaman kimiyya na ƙananan makarantun sakandare, kuma kullum sai ƙara samun gindin zama yake yi. A tara malamai kwana biyu a ɗakin taro ko ta intanet, a haska musu majigi, a sauke musu manhajar kallon sama irin su Stellarium a waya, a raba takardar shaida da aka rubuta wa "koyarwa ta hanyar bincike", sannan a kai rahoto cewa an horar da mutum ɗari kaza a fannin ilimin taurari da kimiyyar ƙasa. Yanzu har an fara yi musu alkawarin cewa ƙirƙirarriyar basira ce za ta riƙa rubuta musu tsarin darasi. Wannan shi ne an yi ba a yi ba.

Daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne. Babu mai shirya bita da ya isa ya gajarta shi. Malamin da ake so ya sa yara su gano dalilin sauyawar siffar wata da kansu, dole sai shi ma ya taɓa zama da littafinsa yana zana watan dare bayan dare, a lokaci guda, daga wuri guda, yana rubuta kwanan wata da sa'a da inda ya gan shi. Awon ba ya bukatar na'ura. Idan mutum ya miƙe hannu ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a sama. Da shi ake ƙirga tazarar da ke tsakanin inda rana ta faɗi da inda wata yake, a ga tana ƙaruwa da kusan digiri 12 kowace rana. Wannan awo shi kaɗai yana rushe kuskuren da ya fi yawa, wato cewa inuwar duniya ce ke rufe wani ɓangare na wata. Jinjirin wata kusa da rana yake fitowa, inuwar duniya kuwa tana can ɓangaren da ya ba wa rana baya. Ta yaya za ta same shi?

Akwai kuma inda aikin ke wargajewa a hannun wanda bai taɓa yi ba. Wata yana jinkirta fitowa da kusan minti 50 kowace rana. Kwana kaɗan bayan ya cika, sai yara su dawo da shafi babu komai, su ce ba su gan shi ba, malami kuma ya ɗauka lalaci ne. Gaskiya suka faɗa, sai sun yi barci yake fitowa. Malamin da ya sha wannan wahala da kansa ya san cewa a nan ake mayar da kallon zuwa safiya, domin a kwanakin nan watan yana nan a sama ta yamma da hantsi, ana ganinsa daga filin makaranta. Manhaja ba ta nuna wannan matsala, saboda a cikinta danna yatsa ɗaya ke kawo tsakar dare.

Gwajin fitila da ƙwallo ma haka yake. Ana kunna kwan fitila ɗaya tak marar murfi a tsakiyar ɗaki mai duhu, kowane ɗalibi ya soke ƙaramin farin ƙwallo a fensir, fitilar ta zama rana, ƙwallon ya zama wata, kansa ya zama duniya, ya riƙa juyawa a hankali ta hagunsa. Idan akwai taga a buɗe ko bango fari ƙal, hasken da ke dawowa yana goge iyakar haske da duhu a jikin ƙwallon. Idan yaro ya riƙe ƙwallon daidai da idonsa, inuwar kansa za ta faɗa masa duk zagaye, ya tafi gida da tabbacin cewa husufi ake yi kowane wata. Sai an ɗaga shi sama da kai kaɗan, kuma daga nan ne ake shiga bayanin cewa hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5. Zanen littattafai na ƙara dagula lamarin, don suna manna wata a gefen duniya. In duniya ƙwallo ce mai faɗin santimita 20, wata santimita 5 da rabi ne, kuma mita 6 ke tsakaninsu. A sa yara biyu su tsaya haka a fili, tambayar me ya sa ba a yawan yin husufi ta kusa amsa kanta.

Masu cewa ai duk wannan ɓata lokaci ne, a faɗa wa yara amsa kawai a wuce, sai su fara bayyana mana abin da ya faru a Jami'ar Harvard. A wani ɗan fim na ilimi da aka yi a 1987, an tambayi masu kammala karatu, suna sanye da rigar yaye, abin da ke kawo lokacin zafi da na sanyi, mafi yawansu suka ce kusantar rana ne da nisanta daga gare ta. An faɗa musu amsa tun suna yara, ba ta zauna ba. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kusan kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, kusan miliyan 152, alhali a Janairu arewacin duniya ke cikin hunturu yayin da Ajantina da Ostareliya ke fama da zafi. Karkatar duniya da digiri 23.4 ce sila. Tocila da takarda mai layukan murabba'i sun isa: a haska ta a miƙe a ƙirga murabba'in da haske ya rufe, a kwantar da ita zuwa digiri 30 daga takardar ba tare da sauya nisa ba, wurin ya kusa ninkawa, hasken ya raunana. Amma idan malami bai kafe nisan da rula ba, yara za su ja tocilar baya yayin karkatawa, gwajin ya koma tabbatar da kuskuren da aka zo gyarawa.

Gwajin da na fi so a tilasta wa kowane malami shi ne na Eratosthenes, masanin nan Bagirke na zamanin da, wanda ya auna kewayen duniya wajen shekara ta 240 kafin Miladiyya, da bambancin inuwa tsakanin Iskandariyya da garin da ake kira Aswan a yau, duka a Masar. Ya samu digiri 7.2, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, wato kewayen duniya ninki 50 ne na tazarar garuruwan biyu. Makarantu biyu, ɗaya a arewa da ɗaya, suna iya maimaitawa da sanda mai tsawon mita ɗaya. A daidaita tsayuwarta da zare mai ɗan dutse a ƙasa, a tabbatar filin a baje yake, a yi alamar bakin inuwa kowane minti 10. Inuwa mafi gajarta ita ce tsakar rana ta gaskiya, kuma da wuya ta zo daidai da ƙarfe 12 na agogo. Bakin inuwar ma ba ya fita tas, domin rana faifai ce mai faɗin rabin digiri. Kuskuren santimita ɗaya ya kai kusan rabin digiri, digiri ɗaya kuwa kilomita 111 ne a ƙasa. In tazarar makarantun kilomita 300 ce kawai, wannan santimita ɗayan na iya karkatar da amsar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ɗalibi ya zo da kilomita 33,000 a maimakon 40,000. Malamin bitar kwana biyu zai ja masa jan biro, ko ya gyara lambobin a ɓoye. Wanda ya taɓa samun irin wannan amsa da hannunsa zai tambayi yaron inda yake zaton kuskuren ya shigo, darasin kuma daga nan yake farawa.

A ɓangaren kimiyyar ƙasa aikin ya fi sauƙi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka na wallafa jerin girgizar ƙasa kyauta. A ba yara taswirar duniya marar iyakoki su ɗiga wuraren, launi ɗaya ga masu zurfi, wani ga na kusa da doron ƙasa, sai iyakokin faranten ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya masu motsi a hankali, su bayyana da kansu, har a ga girgizar na ƙara zurfi daga gaɓar yammacin Kudancin Amurka zuwa cikin nahiyar. Yawanci abin da ke ɓata shi musanya lambobin layin tsaye da na kwance na taswira ne, ko manta alamar yamma da kudu. Alfred Wegener, masanin kimiyya Bajamushe, ya kawo ra'ayin motsin nahiyoyi a 1912, ba a karɓa ba sai a shekarun 1960 da hujjar ƙarƙashin teku ta taru, kuma wannan tarihi ya fi dacewa a ba da shi bayan yara sun ga layukan da idonsu.

Masu kukan rashin kuɗin sayen na'urar hangen nesa ba su karanta kayan aikin da na ambata a baya ba. Lokaci ne ake ƙin biya. Wani nazari da aka fitar a Amurka a 2007 ya tace bincike sama da 1,300 kan horar da malamai, tara kacal suka cika sharuɗɗa, kuma a cikinsu horon da bai wuce sa'a 14 ba bai nuna wani tasiri a sakamakon ɗalibai ba. Kan malaman firamare aka yi shi, amma ban ga dalilin da zai sa na sakandare su bambanta ba. Bitar kwana biyu kusan sa'a 14 ɗin ce cif.

A shimfiɗa horon a kan zango guda, haɗuwa sau ɗaya a mako, a haɗa kowace makaranta da wata mai nisa don awon inuwa, mai horarwa ya shiga aji ko sau ɗaya ya ga malamin yana yi da yara. Manhaja ta shigo daga baya, don gwada abin da aka riga aka hango ko cike daren da hadari ya rufe. Takardar shaida kuwa kada a miƙa ta sai malami ya kawo littafinsa na kallon wata da lambobin inuwarsa, har da waɗanda suka fita ba daidai ba.