Kafin ka ce hularka ce ta ja aka rufe maka shafi

Matasan Kano masu kare gwanayensu a Facebook da TikTok, a saurara. Da an sauke rubutun ɗan jar hula sai ya ce an sayi kamfanin, ɗan Gandujiyya ma ya rantse shi ake farauta. To wanne ne a ciki?

Yawancin abin da ake saukewa na'ura ce ke fara tsinto shi, kuma Hausarta ba ta nuna ba. Ba ta san habaici ba, ba ta san wasan taubasai ba. Ka rubuta "sai mun gama da su" kana nufin ranar zaɓe, ita barazanar kisa ta gani. Wannan gazawa ce ta gaske, tana kuma cutar da mu, amma ba ruwanta da launin hula. Taron dangin da abokan hamayya ke yi wajen kai ƙara ga kamfanin yana jawo ido kan rubutunka ne. Zagi ko hoton gawa da ka saka shi ke kayar da kai.

Idan aka sauke, ka karanta sanarwar ka ga dokar da aka ce ka taka, ka ɗauki hotonta, sannan ka nemi a sake dubawa. In Meta, kamfanin da ke da Facebook, ta tsaya kan bakanta, kana da kwana 15 ka kai kuka ga hukumar sa ido mai zaman kanta da ke duba hukuncinta, kodayake kaɗan take ɗauka. Kada ka sake ɗora rubutun cikin fushi: laifi na biyu ke nan, haka ake tara su har a hana ka rubutu.

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, amma bai tilasta wa kamfani ya ajiye rubutunka ba. Ai shi kansa Buhari, yana shugaban ƙasa, Twitter ta goge masa saƙo a Yunin 2021.

Abin tsoron ma yana gida. Akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, sashen da ke hukunta wasu saƙonnin da ake yaɗawa ta intanet, ga kuma dokar ɓata suna. A 2022 kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu kan ɓata sunan gwamnan lokacin. Ɗan siyasar da ke saya maka data ba lallai ya zo belinka ba, kuma sunanka ne a takardar tuhuma.