Daren da na tura John Connor makarantar kwana

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi ba a musu kan fim ɗin Terminator na ɗaya da na biyu. Na 1984 da na 1991 an gama magana a kansu tun kafin wasunmu su fara aske gemu. Daga na uku rigima take tashi. Wasu sun ce na 2003 ba laifi, wasu sun ce maimaici ne aka yi da bos mace. Na 2009 mai shayi ya ce bai san shi ba, tunda Kwamanda, wato Arnold Schwarzenegger, bai fito ba sai fuskarsa da aka ɗora wa wani da kwamfuta. Na 2015 kuwa, inda aka mayar da John Connor kansa mugun fim, shi ne ranar da bakaniken layinmu ya miƙe ana tsakiyar kallo, ya zare soket, ya saɓa talabijin ɗinsa a kafaɗa ya yi gida. Talabijin ɗin tasa ce, inci 32, kuma ita kaɗai muke da ita. Bakanike bai haɗa John da kowa ba. Hoton yaron nan a kan ƙaramin babur yana tsere wa babbar mota a cikin magudanar ruwa yana manne a bangon garejinsa, baƙin mai ya cinye rabinsa.

Da na shida, Dark Fate na 2019, ya shigo hannunmu, ba fassararre ba ne. Aka ce ni zan yi fassara baki da baki tunda na riga na gani. Na amsa da sauri don ina son girman, sai da na koma gida na tuna da abin da ke farkon fim ɗin. Kafin mai kallo ya gama gyara zama, a shekarar 1998 ta cikin labari, a bakin teku a ƙasar Gwatamala, wani injin kisa mai siffar mutum, T-800, mai fuskar Arnold Schwarzenegger ya tako ya harbe John a gaban uwarsa, ya juya ya tafi abinsa. Yaron da aka yi fim biyu cur ana karewa.

Kafin a kai ga wannan matsala sai da fayil ɗin ya ba ni tasa. Ya haura giga shida, filashin da nake da shi kuwa tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga huɗu komai yawan filin da ya rage. Na sauya masa tsari, fim ya shiga, talabijin ta ce ba ta ga filashi ba. Na kai wa mai tura finafinai ya rage nauyin, hoto ya fito tas amma babu sauti, saboda sautin DTS ne, tsofaffin talabijin da yawa ba sa karanta shi. Abin da ya yi aiki shi ne MP4 mai 720 da sautin AAC, giga ɗaya da rabi, a filashin da aka mayar FAT32. Duk mai shirin haska fim a waje ya fara da wannan ya huta. Fim ɗin awa biyu ne da minti takwas, lita biyu ta isa ƙaramin inji muddin ba a bar mai shayi ya jona firijinsa ba.

Dabarata mai sauƙi ce. Rimot yana hannuna, rubutun ƙasan allo na kashe shi, sautin Turanci na rage shi yadda masu fassara suke yi. Na ce wa jama'a farkon duk sunayen kamfanoni ne, na tsallake kai tsaye zuwa birnin Meziko, shekara 22 bayan abin da ba su gani ba.

Nan ma sai da na sake danna rimot, domin Alhaji mai gidan da muke zama a ƙofarsa ya fito da kujerarsa, ga shi a dokar wannan labari duk wanda aka turo daga gaba tsirara yake faɗowa. Tun a na farko aka yi bayani cewa na'urar ba ta wucewa da komai sai abin da naman rai ya lulluɓe, shi ya sa ba a zuwa da riga balle bindiga. Na tsallake saukar Grace, sojar da aka turo daga 2042, na tsallake ta bos. Alhaji ya ce, "Kai wannan fim na tsalle-tsalle ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, filashin ne." Bakanike ya samu ƙofa ya tayar da tsohuwar tambayarsa: in sai da nama ake wucewa, ta ina bos na fim na biyu ya bi, shi da yake narkakken ƙarfe tun daga kai har ƙafa? Wannan tambaya ta girmi wasu da ke zaune a bencin, kuma fim ɗin kansa bai amsa ta ba. Na bar su suna yi, don duk minti ɗaya na musu minti ɗaya ne da ba wanda ya tambayi ina John.

Sabon bos, Rev-9, ya samu karɓuwa. Yana rabuwa biyu: baƙin ruwan ƙarfen da ke jikinsa ya zame ya zama mutum, ƙwarangwal ɗin ya ci gaba da tuƙa mota. Bakanike ya ce ma'aikaci ɗaya mai aikin mutum biyu shi yake nema a gareji. Da Sarah Connor ta sauko daga mota a kan gada, gashi ya yi fari, ta saɓa bindigar roka, mai shayi ya saki ludayi ya yi kabbara. Linda Hamilton ce da kanta, shekara 28 rabon da a gan ta a wannan matsayi a babban fim, kuma mai shayi ya daɗe yana cewa rashinta ne ya kashe sauran ukun.

Sai bakanike ya ce, "To ga uwar. Ina ɗan?"

Na ce yana makarantar kwana.

Na san lissafin bai fita ba. A 2020 John ya kai shekara talatin da biyar. Amma a idon bakanike John bai taɓa wuce yaron nan mai gashi a goshi ba, sai ya gyaɗa kai ya ce ilimi ai shi ne gaba.

Matsalar ita ce duk tafiyar Sarah a wannan fim a kan mutuwar ɗanta aka gina ta. A ɗakin otal tana ba Grace da Dani, yarinyar da bos yake farauta, labarin yadda aka kashe shi, tana cewa tun daga ranar ba ta da aiki sai farautar waɗannan injuna da shan giya har ta faɗi. Na fassara cewa tana kukan tsadar kuɗin makaranta. Ta ce akwai wanda ba ta sani ba yana turo mata saƙon waya da wuri da lokacin da sabon inji zai sauka, kowane saƙo yana ƙarewa da cewa don John ne. Na ce shugaban makarantar ne yake tunatar da ita biyan zango. Wayarta da take ɓoyewa a ledar soyayyen dankali don kada a bi sawunta, na ce gudun masu bin bashi ne. Alhaji ya ce wannan baiwar Allah tana ganin jarrabawa, kuma shi ma yana da 'ya'ya uku a makarantar kuɗi, ya san zafin abin.

Inda na faɗi gaskiya ma bai yi mini daɗi ba. Na bayyana cewa a wannan labarin Skynet, kwamfutar da ke turo injunan kisa a finafinan baya, ba ta taɓa samuwa ba, domin Sarah ta hana harin nukiliyar ranar 29 ga Agustan 1997 faruwa, amma mutane sun sake ƙera wata kwamfutar mai suna Legion don yaƙin intanet, ita ma ta juya musu baya. Mai gadi, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ce, "Wato shagon ne dai aka sake wa fenti." Ban da abin ƙarawa. Wannan shi ne ƙorafin da masoya fim ɗin suka fi yi a ko'ina, kuma ina tare da su: injunan iri ɗaya, turo mai kisa da mai ceto iri ɗaya, suna kawai aka canza.

Aka hau saman jirgin ƙasa, aka tsallaka iyaka, aka shiga hannun jami'an Amurka, aka gudu a jirgi mai saukar ungulu, har aka isa wani gida a daji kusa da Laredo ta jihar Teksas. Ƙofa ta buɗe, Kwamanda ya fito da furfura a gemu. Majalisa ta ɗauki ihu. Bakanike ya fara tambayar yadda ƙarfe yake tsufa, ya ba kansa amsa cewa fatar da ke sama mai rai ce, ita ke tsufa, ƙarfen na nan garau. Daidai ne. Arnold yana da shekara 72 a lokacin, dole a nemo wa furfurar dalili.

Wannan shi ne injin da ya kashe John. Da ya gama aikin da aka turo shi, ba mai ba shi umarni, sai ya zauna cikin mutane, ya ɗauki sunan Carl, ya riƙe wata mata da ɗanta, ya buɗe sana'ar labule. Yana ganinsa Sarah ta nemi bindiga.

"Me ya yi mata?" in ji bakanike.

Na ce ta ba shi kafin alƙalami na labulen ɗaki tun 1998 bai kai mata ba.

Ban yi tunanin tela ba. Tela yana ƙarshen benci yana ta hamma, jin haka ya miƙe zaune. Ya ce haka kwastomomi suke, ba sa tambayar ko an samu yadi, ko akwai wuta, sai dai su zo da faɗa. Da Sarah ta ɗirka wa Carl harsasai a ƙirji, tela ya ce wallahi an taɓa yi masa kusan haka ana jibi Sallah. Mai shayi ya ce shekara ashirin da biyu fa, Malam, ko kai ne ai ka ci harbi. Suka kaure. Can gaba da Carl yake ba da labarin wani mutum da ya so labule mai launi ɗaya a ɗakin ƙaramar 'yarsa, shi kuma ya hana shi ya ce ɗakin yarinya sai mai malam-buɗe-littafi ko ɗigo-ɗigo ko balan-balan, na fassara wannan kalma da kalma ba ƙari, tela ya ce a mayar baya a sake. Ya ce a duk finafinan shida yau ne aka yi magana mai amfani.

Ƙanina ne ya kashe ni. Ɗan sakandare ne, an aiko shi sayen burodi ya tsaya a bayan benci. Sautin da na rage bai hana shi ji ba. Ya ce, "Yaya, ba fa labule take cewa ba. Cewa take shi ya kashe mata ɗa." Na ce ya kai burodi gida ana jira. Ya ce ai ma a farkon fim ake nunawa, ya gani a waya.

Bakanike bai ɗaga murya ba. Hannu ya miƙo, na ba shi rimot. Ya mayar da fim farko, muka kalli bakin tekun nan tare, da fuskar yaron da aka sake ginawa da kwamfuta don ta yi kama da ta 1991. Ya ce, "Wato duk wahalar da aka sha a na biyu, da narkewar da Kwamanda ya yi a tukunyar ƙarfe, shekara uku kawai ta saya wa yaron?" Na ce James Cameron da kansa, wanda ya yi na ɗaya da na biyu, yana cikin waɗanda suka tsara wannan labari, kuma nufinsu a share na uku da na huɗu da na biyar a ɗora daga na biyu. Ya ce to su share shi shi ma. Na ce ai kasuwa ta riga ta yi masa wannan aikin: an kashe dala miliyan 185 ko fiye, abin da ya dawo a duniya bai wuce miliyan 261 ba, kuma gidajen sinima suna da kasonsu a ciki, shi ya sa ci gaban da aka shirya bai fito ba. Ya ce Allah ya ƙara. Ya zare soket.

Sauran fim ɗin a wayata muka ƙarasa, an jingina ta da gwangwanin madara, kawuna sun haɗu har ana jin numfashin juna. A haka aka ga faɗan cikin jirgin dakon kaya, aka ji cewa Dani ba uwar mai ceto ba ce kamar yadda Sarah ta zata, ita ce jagorar da kanta, aka ga ƙarshen Rev-9 a madatsar ruwa. A ganina wannan juyin na Dani shi ne abu mafi kyau a fim ɗin, kuma da an bar John da rai a gefe ba abin da zai rage masa. Mai shayi ya ba fim ɗin matsayi na uku saboda Sarah. Tela ya ba shi na ɗaya. Alhaji ya ce shi har yanzu bai ji an biya kuɗin makarantar ba. Inji kuwa yana ta ƙugi ba abin da ke jone sai cajar wayata, kuma da aka tashi kowa ya tuna cewa mai fassara ne ke biyan kuɗin fetur.

Bakanike ya aiko yaronsa da sharaɗin dawo da talabijin: a haska na 2003, inda John yake da rai har ƙarshe. Na aika masa cewa a ƙarshen wannan ɗin makaman nukiliya ne suke sauka a kan duniya gaba ɗaya. Ya ce ba komai, yaron dai yana cikin rami lafiya lau. An sa ranar Asabar, ni ne mai fassara. Mai shayi ya ce zai zo da wuri don ya ga Sarah, wadda a wannan fim ɗin sankarar jini ta kashe tun 1997, akwatin gawarta kawai ake nunawa, shi ma cike da bindigogi. Na ce masa tana nan, ta je aikin Hajji ne.