Kangon Fountains da ciyawar da ke rufe tarihinsa

A makon jiya na ziyarci kangon Fountains, tsohon gidan ruhubanawan Kirista da ke kwarin kogin Skell kusa da garin Ripon a arewacin Ingila, kuma tun da na dawo nake ganin cewa kyawun wurin yana rufe wa baƙo ido daga yadda aka yi ya zama kango.

A shekarar 1132 ne ruhubanawa 13 suka fice daga gidan St Mary da ke York, domin a ganinsu an yi sake da zuhudu, sai babban limamin birnin, Thurstan, ya ba su wannan kwari mai sanyi da duwatsu. Daga baya suka shiga ɗariƙar Sistasiyan, wadda ta ginu a kan talauci da aikin hannu. Amma tumaki suka sauya lissafin, domin ulun da gidan yake sayar wa fataken Italiya da Filandas (yanki a Beljiyam ta yau) ya mayar da shi ɗaya daga cikin gidajen ibada mafi dukiya a Ingila. Ba masu karatu da waƙar addu'a ba ne suke kiwon. Akwai wani rukunin 'yan'uwa marasa ilimi da aka ɗora wa wahalar gona da garke. Dogon ɗakin ajiyar da baƙi suka fi ɗauka a hoto, mai tsawon kusan mita 90 da rufin bakan gizo jere da juna, a samansa waɗannan ma'aikata suke kwana, kuma a nan na fi daɗewa a tsaye.

Ba tsufa ne ya rushe gidan ba. A 1539 Sarki Henry na Takwas ya rufe shi tare da sauran irinsa, aka sallami mazauna da fansho, aka sayar da ginin ga wani attajiri, Richard Gresham, aka ɓamɓare dalmar rufi da gilasan tagogi, sannan aka bar ruwan sama ya ƙarasa aikin. Har da duwatsunsa aka kwasa aka gina wani katafaren gida, Fountains Hall, a gefe. A 1767 William Aislabie ya saye kangon ya haɗa shi da lambunsa na Studley Royal, ya zama abin ado da ake hangowa daga bakin tafki.

Ba na zargin National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi wadda ke kula da wurin tun 1983, da ɓoye komai, domin duk wannan yana rubuce ga mai son karantawa. Sai dai idon Aislabie ne har yau muke kallo da shi. A tsakiyar majami'ar da aka kware wa rufi da gangan, ƙarƙashin hasumiyar da shugaban gidan, Huby, ya gina, wadda ba ta yi shekara 50 ana amfani da ita ba, na tarar da iyalai sun shimfiɗa barguna a kan ciyawa suna cin abincin rana.