Maganar WIC: mu daina hana mata da yara haƙƙinsu da sunan mutunci

Assalamu alaikum. Yau maganata da 'yan'uwana mazauna Amurka ce, mu na Bronx da Harlem a birnin New York da sauran garuruwa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana. Mazajenmu ma su matso kusa, don rabin maganar tasu ce.

Akwai tsarin gwamnatin ƙasar nan da ake kira WIC. Tallafin abinci ne ga mai juna biyu, da maijego, da jariri, da yaro har ranar da zai cika shekara 5. Matanmu da yawa sun cancanta amma ba sa karɓa. Wasu rashin sani ne, wannan mai sauƙi ne, sanarwa kawai yake buƙata. Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne waɗanda suka sani sarai suka ƙi, ko aka hana su. A wani gidan suna wata ƙanwata da tsohon ciki ta ja ni gefe ta ce, “Anti, wallahi ina so, amma maigidan ya ce bai kawo ni Amurka don in yi bara ba.” Ina kallon tafin hannunta fari fat, ga ƙafa a kumbure. Mijin ba mugu ba ne, na san shi, dare da rana yana kan titi yana tuƙi. Abin da ya ɗauka mutunci ne yake karewa, jinin matarsa ne yake biyan kuɗinsa.

Malam, wannan ba bara ba ne. Duk sati ana yanke maka haraji kafin kuɗinka ya iso hannunka. Matarka da ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu ita ma ana yanke mata. Daga wannan baitulmalin ne majalisar ƙasa take ware kuɗin WIC, wajen dala biliyan 7 a shekarar 2024. Ma'aikatar noma ta tarayya ce ke riƙe da shi, jihohi su gudanar. Mutum sama da miliyan 6 ne ke karɓa kowane wata, kuma kusan jarirai 4 cikin kowane 10 da ke ƙasar nan suna ciki. Fari da baƙi, ɗan ƙasa da baƙo, har da iyalan sojoji. Su duk mabarata ne?

Kuma ba jiya aka fara ba. Likitoci ne suka gaji da ganin jarirai ana kawo su asibiti da ƙarancin jini da rama, a ƙasar da abinci ya yi yawa har ana zubarwa. A 1969 aka yi babban taro a fadar White House kan yunwa da abinci mai gina jiki, zamanin shugaba Nixon. A 1972 majalisa ta amince a gwada tsarin, Sanata Hubert Humphrey na cikin waɗanda suka tsaya masa. Cibiyar farko ta buɗe a watan Janairun 1974 a wani ƙaramin gari mai suna Pineville a jihar Kentucky, yankin talakawan turawa masu haƙar kwal. A 1975 ya zama na dindindin. Tunanin da aka gina shi a kai shi ne a riga cuta isowa: a ciyar da uwa tun ciki yana ƙarami, ya fi sauƙi da arha a kan a jira ta haifi bakwaini a kwantar da shi a kwalba. Bincike da dama ya nuna matan da suka shiga tun suna da ciki sun fi samun haihuwa a kan lokaci da jarirai masu nauyin kirki. Mu da muka taso muna ganin yadda tamowa ke cin yara a gida, muna kuma zagin gwamnatocinmu kullum kan rashin irin wannan tsari, bai kamata a ce an miƙo mana shi a nan mun juya baya ba.

Wani kuskuren kuma shi ne a ce “ai mu muna aiki, ba za a ba mu ba.” Iyakar kuɗin shiga ta fi yadda mutane ke zato. A lissafin 2024, gida mai mutum huɗu da ke samun har dala 57,720 a shekara ya shiga. Kuma mai ciki mutum biyu ake lissafa ta, ita da abin da ke cikinta. In kuwa kina da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ko SNAP, wato tallafin kuɗin cefane, an gama maganar kuɗin shiga, kin riga kin wuce wannan matakin. Uba ma yana iya zuwa ya yi wa ɗansa rajista, haka kaka ko mai riƙo.

Sai tsoron takardu, kuma wannan ba na raina shi. Wanda yake jiran girin kat, wato izinin zama na dindindin, komai yana ba shi tsoro, yana da hujja. Amma a sani, ko dokar nan mai tsauri ta 2019, wadda ta ce za a duba ko baƙo ya zama nauyi a kan gwamnati, ba ta saka WIC cikin jerin tallafin da ake lissafawa ba. Duk da haka mata da yawa sun janye 'ya'yansu a lokacin saboda jita-jita a WhatsApp. Dokokin shige da fice suna sauyawa, saboda haka in hankalinku bai kwanta ba ku tambayi lauyan da ke riƙe da maganarku, akwai ƙungiyoyi masu ba da shawara kyauta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke wa jariri hukunci da saƙon murya na wani da bai taɓa karanta dokar ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni takaici, kuma wannan mu mata ne. Muna shiga WIC saboda madarar gwangwani. Yaro na cika shekara ɗaya aka daina ba da ita, sai mu ɓace, ba a sake ganinmu. Alƙaluman ma'aikatar noma sun nuna haka a faɗin ƙasa: mafi yawan jariran da suka cancanta suna ciki, amma yara 'yan shekara 4 da suka cancanta, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke karɓa. Alhali daga yaye zuwa shekara 5 shi ne lokacin da yaro ke zaɓen abinci, ya ƙi tuwo ya ƙi miya, ya rayu a kan biskit da lemon kwalba. A nan ne ake auna tsawonsa da nauyinsa, a ɗan tsira masa yatsa a duba jini, a gaya miki gaskiya ko da ba ki so ji ba. Yaro yana iya yin ƙiba bulbul kuma jininsa ya yi ƙasa. Ido ba ya gane wannan.

Na san abin da za a ce: “abincinsu ba irin namu ba ne.” Na yarda ba nama a ciki, ba man ja, ba garin tuwo. Madarar da ake ba uwa da yaron da ya wuce shekara 2 ma mai ƙarancin maiƙo ce, mu kuma mun saba da mai kauri. Amma a duba kayan da idon mai girki. Busasshen wake ana bayarwa, har da farin wake irin namu, ga ƙosai ga alale. Tunkuzar gyaɗa ta kwalba, wadda yaransu ke shafawa a burodi, ki dama ta da ruwan zafi ki zuba dafaffiyar shinkafa da ɗan tsamiya ko lemon tsami, kin sami kunun gyaɗa, abin da iyayenmu ke ɗura wa maijego tun fil azal don nono ya kawo. Ga ƙwai, ga shinkafa mai ɓawo, ga kifin gwangwani. Ga kuɗin kayan lambu da 'ya'yan itace a kan kati kowane wata, a 2024 dala 26 ga yaro, 47 ga mai ciki, 52 ga mai shayarwa. Alayyafo, kuɓewa, tumatir, albasa, attarugu, ayaba, duk da shi ake saye. Wace miya ce ba za ta fito daga nan ba?

Kunyar layin biyan kuɗi ma ta ragu. Da can takarda ake bayarwa, ki tsaya ana dubawa ɗaya bayan ɗaya, na bayanki suna tsaki. Yanzu kati ne kamar na banki. Abin da ya rage shi ne a kula da girman kwali da irin kayan, don in kin ɗauko wanda ba ya cikin jeri injin zai ƙi shi. A New York akwai manhajar waya ta masu WIC, ki haska lambar jikin kaya da wayarki ta gaya miki ko ya shiga tun kina gaban kanta.

Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Kowace jiha kamfanin madara ɗaya take ƙulla yarjejeniya da shi, shi ya sa da aka rufe masana'antar madara ta kamfanin Abbott da ke Sturgis a jihar Michigan a watan Fabrairun 2022, iyaye masu WIC suka fi kowa shan wuya, suna yawo kanti kanti ba madara. Wannan kaɗai ya isa ya tuna mana darajar nonon uwa, kuma WIC ɗin ma shayarwa take ƙarfafawa: mai shayarwa zalla ta fi samun kaya, ana riƙe ta har shekara ɗaya bayan haihuwa maimakon wata 6, ga masu koyar da shayarwa, ga injin tatsar nono ga mai komawa aiki. Sannan kuɗin tsarin duk shekara sai majalisa ta sake amincewa da shi, ba tabbatacce ba ne. Waɗanda suka zama 'yan ƙasa cikinmu suna da ƙuri'a, su riƙa tambayar masu neman kujera matsayinsu a kan wannan.

'Yar'uwa, kada ki jira haihuwa. Ranar da likita ya tabbatar da ciki ki nemi ofishin WIC mafi kusa, yawancin asibitocin da muke awo suna da shi ko za su tura ki. Ki tafi da katin shaida, da takarda mai adireshinki, da shaidar albashi ko katin Medicaid. In Turancin bai zauna ba ki ce a nemo miki tafinta, ba a biya. Malamanmu kuma, don Allah ku faɗi wannan a masallaci ranar Juma'a, domin akwai mazan da ba za su ji daga bakin mace ba, amma za su ji daga bakinku.