Waya ta rage wa Inna wahala, amma da alfarma muka samu

Duk ranar Asabar da safe ƙanwata kan zaunar da Inna a kujera, ta bar ta ta huta minti biyar, ta ɗora mata hannu kan matashi, sannan ta ɗaura mata na'urar awon hawan jini a damtse. Ba ta cin goro kafin nan, kuma wannan ne abin da suka fi yin rigima a kai. Lambobin da suka fito sai a rubuta su a wani tsohon littafin makaranta, a ɗauki hotonsa. Daga nan ƙanwata ta fita bakin firamare, don nan ne kaɗai sabis yake kamawa, ta tura wa likita ta WhatsApp.

Shekara biyu ke nan muna haka. Da can, kowane wata sai an ɗauko tsohuwar nan tun asuba zuwa birni, ta yini a layi, a duba ta cikin minti kaɗan, a ce ta ci gaba da maganinta. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya fi kuɗin maganin. Na san tsofaffi da dama a garinmu da suka daina zuwa saboda haka. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau, awonsa ya haura 140/90 ya daɗe a can, wata rana a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye.

Saboda haka duk mai cewa ganin likita ta waya wasa ne, ban yarda da shi ba. Ga mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya riga ya gani ido da ido, ya san tarihinsa, waya tana aiki ƙwarai. Akwai inda ba ta kai ba, tabbas. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, ko mai juna biyu da ciwon kai mai tsanani da kumburi, wannan a nemi mota kawai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka samu. Likitan nan abokin karatuna ne. Yana amsa mana da daddare bayan ya taso aiki a gajiye, ba a biyansa, ba a shigar da komai a fayil. Wanda bai da aboki likita fa? Shi ne ke faɗawa hannun masu farar riga a TikTok, waɗanda ba su da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, suna tallar garin maganin da ba shi da lambar NAFDAC, suna cewa yana raba mutum da hawan jini har abada. Mutane na ajiye ƙwayoyinsu saboda su.

Tun lokacin kullen korona a 2020 muka ga ana iya duba marar lafiya daga nesa. Me zai hana asibitocin gwamnati su ware lamba ɗaya, da ma'aikatan da ake biya, su haɗa kai da ƙananan asibitocin ƙauye inda ma'aikacin lafiya zai yi awon daidai? Ko na'urar ma ba kowa ke iya saya ba.

Makon jiya maƙwabciyar Inna ta tare ni a zaure, ta ce, “Ɗana, don Allah ba ni lambar likitan nan.” Na yi shiru, don na san mutum nawa ke rataye a wuyansa. Na dai ce ƙanwata za ta riƙa auna ta ranar Asabar.